Na Kai Yaya Asiya Tudun Habasha

Tun da na sake buɗe shagona a kasuwar Gadarif, da wuya mutum ya zauna a bencin ƙofa ya tashi bai tambaye ni labarin Habasha ba. Wannan ya ce yaya sanyinsu, wancan ya ce wai da gaske suna cin ɗanyen nama. Wani ma jallabiya zai kawo a rage masa tsawo, ina awo yana kallon bakina. Nakan ce alhamdu lillahi, in ci gaba da taka keke. Ba rowar labari nake yi ba, abin ne ba ya faɗuwa tsakanin ɗinki da ɗinki. To ga shi nan zan zube shi gaba ɗaya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ku bar ni in huta.

Kun san ba yawo ya kai ni ba. Yaya Asiya na kai. Ita nake bi, ita ta goye ni a Hawata bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma duk wanda ya taɓa sauke buhun riɗi a bakin kasuwar hatsi ya sha shayinta. Ciwon ya fara mata da nauyi a kwiɓin dama, tana cewa zaman kujera ne. Daga baya ta ga jini a fitsari, ta ɓoye, har ranar da ta faɗi a gaban murhu. Abin da ya ruɗe mu kamanninta ne. Mai ciwo mun san shi da fari fat a ido da tafin hannu. Ita kuwa idonta ja, tafin hannunta ja, har mata suna ce mata ta yi jini. Da aka auna, aka ce jinin nata ya fi na lafiyayyen namiji yawa, ni kuma na yi ta murna. Sai da aka ɗauki hoton cikinta likita ya ja ni gefe, ya ce akwai ƙari a ƙoda. Saratan ne, abin da manyanmu ke kira ciwon daji.

A da, Madani ake zuwa da irin wannan, ko Khartum. Yaƙi ya rufe duka biyun, mutanen can ma su ne a kwance cikin makarantunmu. Likitan mutumin kirki ne, amma ka ga gajiya a wuyansa. Ya ce, “Ya Musa, in kuna da hali ku fitar da ita. Ƙofar da ta fi kusa da ku Gallabat ce, bakin iyakar Habasha.”

Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda, Nafisa, tana aure a Fau, kuma a lokacin hanyar Fau ba ta biyuwa yadda mutum yake so. Ta waya muka yi sallama. Ta ce, “Kawu, na ga ana cewa sukari ne abincin wannan cutar. Ka rantse mini ba za ta ƙara sa shi a baki ba. Mu hana ta abinci ta mutu da yunwa.” Na rantse. Yaya tana ji. Matar da ta yi rayuwarta da cokalin sukari a hannu, tun daga ranar ta koma shan shayi baƙi, tana yatsina fuska kamar mai shan sabara.

Mun tashi gab da faɗuwar damina. Daga Gadarif zuwa Doka ba sabon abu, baƙar ƙasa ce ta tsage tana jiran ruwa. Bayan Doka kwalta ta zama ramuka, kowane rami sai Yaya ta damƙe cinyata ta ce, “Ya Latif.” A Gallabat muka sauka cikin taron da ban taɓa ganin irinsa ba, mutanen Khartum da akwatuna masu taya, tsofaffi a kan kujerun roba, kowa da fasfo a hannu kamar mafici. Iyakar da ake ta faɗa kuwa 'yar gada ce a kan kwari, wadda yaro zai tsallake da gudu. Wani dattijo da ke bayanmu a layi ya ji muna Hausa, ya ce, “Ku daga Nijeriya kuke?” Yaya ta juya ta ce masa da Larabci, “Kakan kakanmu ne ya fito aikin hajji, ya tsaya hutawa. Har yau hutun muke.” Mutane suka yi dariya. Ita ce dariya ta ƙarshe da na ji ta ba taro.

A kan gadar aka yi mana ɓarna ta farko. Mun ɗora kaya a baro, mai turawa ya kauce wa jaki, baron ya kife. Cikin ƙunshin Yaya akwai jabanarta ta yumɓu, wadda take dafa buni, wato gahawa, da ita tun kafin a haifi Nafisa. Na ce mata tun a gida kada ta ɗauko, ta ƙi. Da ta kwance ƙunshin sai ga wuya daban, ciki daban. Mai baron ya yi ta ba da haƙuri da harshen da ba mu ji. Ta tattara gutsattsarin ta ɗaure a bakin mayafi, ta ce mu tafi.

Mun yi kwanaki a Matamma, garin da ke tsallaken gadar, muna jiran motoci su taru, don hanyar Gondar ma ba lafiya gare ta ba, ba a bin ta sai cikin ayari. Matamma ba ta bambanta da namu ba, zafi ɗaya, ƙuda ɗaya, rabin mutanen suna jin Larabci. Sai da mota ta fara hawa na san mun bar gida. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, dutsen da muke nuna wa baƙo a Gadarif, a can ko suna ba za a ba shi ba. Hanya tana naɗewa kamar rawani, kunnuwana suka toshe, iska ta yi sanyi. Na ga Yaya ta buɗe baki tana numfashi. Na ce ko amai take ji, ta girgiza kai.

“Musa, iskar nan ba ta da ƙwari. Ina ja, ba ta cika ni.”

Na ce mata tsoro ne. Amma da aka sauke mu a wani shinge don duba kaya, na ɗauki jakar da nake ɗauka da hannu ɗaya a gida, na yi 'yan taku, sai na ji zuciyata tana dukan haƙarƙari.

A Gondar mun sauka a gidan wani tsoho Musulmi mai ba da hayar ɗakuna. Da ya ji daga inda muka fito ya tafa hannu, ya ce shekarun ƙuruciyarsa duk a gonakin Doka ya yi su yana yankan riɗi. Har Hausa ya tsinta a can, amma abin da ya rage masa “sannu da aiki” ne da zagi guda biyu, kuma bai san na biyun zagi ba ne. Da shi yake gaishe mu kowace safiya. Matarsa ta kawo mana injera, gurasarsu mai faɗi. Mun san ta a Gadarif, wa bai taɓa cin ta da miyar zigni ba? Amma ta can ta fi tsami da kauri, gurasarmu ta kisra a gabanta kamar takarda ce. Yaya ta ɗanɗana ta ture. Da aka zo shan buni suka shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, suka kunna turare, suka kawo gugguru, duk kamar namu, sai dai ba citta. Na ce kada a sa wa Yaya sukari. Matar ta gyaɗa kai kamar ta gane, ta ɗebo gishiri ta zuba mata, wai haka mutanen ƙauyensu ke sha. Yaya ta kurɓa, ta dube ni, ta ce da Hausa a hankali, “Ka ga inda rantsuwarka ta kawo ni.”

Daga nan jirgin sama muka shiga zuwa Addis Ababa, don an ce kada mu kuskura mu bi ƙasa. Ba abin da zan ce game da jirgi. Idona a rufe yake, hannuna cikin na Yaya, kuma ban san wa ke riƙe da wa ba.

Addis ta fi Gondar tudu. Ruwa muka tarar, irin wanda ba ya zuwa da hadari da iska kamar namu, yana nan kawai kullum, wani lokaci da ƙanƙara. Wani ɗan Kassala ya kai mu wani gida da 'yan Sudan suka cika, kowane ɗaki iyali guda, wasu suna jiran biza, wasu suna jiran likita, wasu ba su san abin da suke jira ba. Ɗakinmu yana hawa na biyu. Yaya ta tsaya ta dubi matakalar kamar yadda ake duban kogin Rahad in ya cika. Na goya ta. Wadda ta goye ni, ga ta a bayana ba ta fi buhun auduga nauyi ba, numfashinta yana fita da sauri a wuyana. Na sayo barguna, na sayo mata safa. Da asuba, kafin ladan, sai ka ji waƙar cocinsu ta lasifika tana tafe a kan rufin gidaje, doguwa kamar kuka. Ban taɓa sabawa da ita ba.

Ranar ganin likita na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Na kira asibitin, matar da ta ɗauka ta ce da guntun Larabcinta mu zo gobe ƙarfe biyu. Muka yi azahar, muka ɗauki mota, muka isa. Aka ce likita ya tashi tun ɗazu, mun makara da rabin yini. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe biyunsu shi ne takwas na safenmu. Na tsaya ina ta bayani da hannu, Yaya ta zauna a benci tana haki, ba mai jin abin da nake faɗa.

Nan ne wata mata ta taso daga ƙarshen bencin, siririya, da tabarau, sanye da tob, lulluɓin matanmu, da rigar sanyi ta maza a kai. Ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, “Ya ammi, kwantar da hankalinka, kowa sai da agogon nan ya kayar da shi.” Ta yi magana da su da Turanci, aka ba mu wata rana. Sunanta Salwa, 'yar Bahri ce, can gefen Khartum, kuma ashe a gidanmu take, a ɗakin ƙasa, ita da mahaifiyarta. Ta ce ita ba likita ba ce, malamar jami'a ce, aikinta bincike. Tana rako marasa lafiya tana yi musu tafinta don kada zama ya haukata ta.

Ita ta shiga da mu duk inda aka tura mu. Aka ɗebi jini, aka sa Yaya cikin wata na'ura kamar bakin rijiya aka ɗauki hotonta daga wuya zuwa mara. Likitan, wani mai furfura da sanyin murya, ya kunna hoton a bango. Ya nuna ƙodar, ya nuna huhu, ya yi ta taɓa wasu fararen ɗigo da bakin alƙalami, dama da hagu. Ya yi magana mai tsawo. Salwa ta juya mana maganarsa.

Ta ce ciwon ya riga ya haura zuwa huhu. Yanke ƙodar yanzu ba zai kore shi ba. Akwai ƙwayoyin da za a ba ta, ba sa warkarwa, amma sukan riƙe shi zuwa wani lokaci. Kuma jininta ya yi kauri da yawa, za a rage shi kada ya toshe mata jijiya.

Yaya ta ce, “Tambaye shi, 'yata. Mai ciwo jininsa ƙarewa yake. Ni me ya sa nawa yake ƙaruwa?”

Likitan ya yi murmushi kaɗan, ya nuna Salwa, ya ce wannan ta fi shi sanin amsar.

Da yamma ta hau ɗakinmu. Mai gidan ta ba mu ɗan murhun gawayi don ɗumi, muna zaune kewaye da shi, ƙofa a buɗe saboda hayaƙi. Salwa ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace tana da murhunta, gawayinta kuwa sukari ne da jini ke kawo mata. In akwai iska, tana ƙone shi ƙurmus ta samu zafi mai yawa daga kaɗan. In iska ta yi ƙaranci, sai ta riƙa fasa shi rabi da rabi, ta ci mai yawa, ta samu kaɗan, ta bar tsami a wurin.

Yaya ta ce, “Wannan na sani. Murhun da ba a fifita ba cin gawayi gare shi.”

“To, Hajja, a cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar mai shela. Kullum ana yin sa, kullum kuma akwai mai gadin da ke kama shi ya halaka shi kafin ya buɗe baki, muddin iska tana isowa. Ranar da iska ta ragu, mai gadi ba ya iya kama shi. Sai ya fita yana shela: a ƙara jini, a haƙa sababbin hanyoyin jini zuwa nan, a buɗe ƙofa sukari ya shigo da yawa.” Ta juyo gare ni. “Kai ma, ya ammi, tun da ka hau tudun nan shelar ake yi a jikinka. Ƙodarka ce ke aika saƙo a ƙara maka jini. Ka ga yanzu kana hawa matakala ba ka tsayawa kamar farkon zuwanku. Rahama ce. Da ita jariri ke ginuwa a ciki, da ita rauni ke warkewa.”

Na ce to ina laifin rahama.

Ta ce a irin ciwon Yaya, mai gadin ne ya lalace a cikin ƙwayoyin ƙarin. Iska tana isa, amma ba mai rufe bakin mai shela. Ƙarin yana zaune cikin iska yana ihun an shaƙe shi. Shi ya sa ya sa jiki yin jinin da ba a buƙata, ya jawo wa kansa jijiyoyi kamar yadda ake jan ƙananan magudanai daga tur'a, babbar hanyar ruwa, a gonakin Rahad, yana ta cin sukari ba ƙoshi. Ƙwayoyin da likita ya rubuta, aikinsu su toshe waɗannan magudanan.

Yaya ta gyara garwashi. Ta ce, “Wato ƙarya yake yi, jikina kuma ya yarda.”

“Haka ne, Hajja.”

Sai na yi ƙarfin hali na kawo maganar sukari, na ce tun da shi yake ci, ai mun yi daidai da muka hana ta. Salwa ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, “Wallahi da haka ne da na fi kowa murna. Ko ba ta sa sukari a baki ba, hantarta za ta yi shi daga kisra, daga wake, in ba ta ci komai ba ma daga naman jikinta. Ƙwaƙwalwa ba ta rayuwa sai da shi, jiki ba zai bari ya yanke ba. Shi ƙarin kuma ya fi kowa iya wawura. In kun hana, ita ce za ta rame, ba shi ba. Tana da ciwon sukari?” Na ce a'a. Ta ce, “To ku ba ta shayinta.”

Na kira Nafisa a take, na ba Salwa wayar. Sun daɗe suna magana. Da aka dawo mini da ita Nafisa kuka take, tana cewa, “Kawu, na zaci ina taimakonta ne.” Na ce duk mun zaci haka. Na yi niyyar kaffarar rantsuwata, na sauka na samo sukari wurin maƙwabta. Yaya ba ta yarda na haɗa ba. Ta jawo murhu gabanta, ta dafa da hannunta, ta zuba mana, ta zuba wa kanta. Ta riƙe kofin da hannu biyu, ta kurɓa, ta rufe ido. Ta shanye shi tas.

A zaman nan ne na tambayi Salwa yadda ta san duk wannan. Ta ce shekaru ta yi tana kiwon irin waɗannan ƙwayoyin a cikin ƙananan faranti, tana sa su a wani akwati da ake rage wa iska, tana duban yadda suke canza hali. Wasu daga jikin marasa lafiyar ƙasarmu aka samo su, da izininsu, tana ajiye su cikin sanyi mai tsanani. Ranar da aka fara harbi ta fito da jakar hannu kawai, tana cewa jibi za ta koma. Wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba. “Sun narke,” in ji ta. “Mutanen da suka ba ni su, yawancinsu sun rasu. Na ce musu abin da suka bayar zai amfani wasu.” Ta mayar da tabaranta. Yaya ta miƙa hannu ta ƙara mata shayi.

Aka fara magani. An rage mata jini, ta ce kanta ya yi sauƙi. Jinin fitsari ya tsaya, muka ɗan ɗaga kai. Amma ƙwayoyin suna da nasu haraji. Bakinta ya yi gyambo har barkono kaɗan sai ya sa ta hawaye, a ƙasar da ba a san miya ba barkono ba. Tafin ƙafarta ya yi ta saɓulewa. Na koyi dama asida, tuwonmu, a kan murhun gawayi, ina yi tana gyara mini daga kwance, tana cewa hannun tela bai san muciya ba. Wata rana na je sayen nama, na ga maza a tsaye a shagon mahauci kowa da wuƙa, suna yanka ja-jawur suna dangwala yaji suna kaiwa baki. To ga amsarku, masu tambaya: gaskiya ne. Sun miƙo mini, na ce ina azumi, Allah Ya yafe mini.

Mutanen ba su da hayaniya irin tamu. Gaisuwarsu gajera ce, kafaɗa da kafaɗa, ba a tsayawa tambayar gida da yara da gajiya. Da farko na ɗauka rashin so ne. Amma mai gidanmu, Kirista ce mai zanen gicciye a goshi, kullum sai ta hau da ruwan zafi a roba ta sa wa Yaya a ƙafa, ba ta jin harshenmu, ba mu jin nata.

Numfashin ne bai gyaru ba. Ni jikina ya saba da tudu, na Yaya bai saba ba, don huhun da zai saba ɗin shi ne ciwo ya ci. Daga gado zuwa bayi sai ta huta a hanya. Da aka sake hoto, likita ya ce na ƙoda ya tsaya, amma na huhu wasu sun ƙaru. Ya ce akwai wani maganin a ƙasashen waje, a nan ba ya samuwa. Ya kuma ce, ta bakin Salwa, tudun garin nan yana ƙara mata wahala.

Muna cikin wannan sai ga waya daga Fau. Mijin Nafisa ne, yana ta ihu don layin ba kyau. Nafisa ta sauka, namiji. Ashe da ciki muka bar ta, ta hana kowa ya gaya wa uwarta don kada ta ƙi tafiya. Yaya ta karɓi wayar, ta saurari kukan jaririn, ta miƙo mini. Ta ce, “Musa, ɗaure kaya.”

Na ce Salwa tana rubuta wa wasu mutane a waje kan wancan maganin, mu ƙara haƙuri.

“Ƙanena, ka yi abin da ake yi. Ka goya ni a matakalar mutane. Ba zan mutu a garin da ake binne mutum cikin ruwan sanyi ba, ban ga jikana ba. Ɗaure kaya.”

Na sauka wurin Salwa ina neman ta taya ni roƙo. Ta ce, “Ya ammi, in ka tambaye ni a kan ƙwayoyi zan gaya maka abin da na sani. Wannan kuwa ta fi mu sani.” Ta karɓo mana maganin da zai kai mu wani lokaci, ta rako mu har filin jirgi. Yaya ta kwance bakin mayafinta, ta ba ta wuyan jabanar nan da ta fashe, ta ce ba ta da abin da ya fi shi. Har na baro, bizar da Salwa take jira ba ta fito ba. Ban sani ba ko ta fito yanzu.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Da mota ta gangaro daga Gondar, zafi ya fara bugun fuska, na ga kafaɗun Yaya sun sauka, ta rufe baki tana numfashi ta hanci. Ta ce, “Ka ji iska mai nauyi.” A Gallabat damina ta mayar da hanya taɓo, muka kwana biyu kafin babbar mota ta ja mu. Ƙasar da muka bari a tsage ta zama kore har iyakar gani, riɗi ya yi fure.

Ta samu 'yan makonni masu dama a gida. Har ta sa aka fitar mata da angareb, gadonta na igiya, tsakar gida, mata suna zuwa gaisuwa. Daga nan numfashin ya sake tsukewa, a ƙasarmu ta shimfiɗe, inda ba tudun da za a ɗora wa laifi. Na yi yawon garin nan kaf kafin in samu tulun iskar asibiti, aka kawo shi a amalanke, aka ɗaura mata abin roba a hanci da baki. Da shi take kwana, da shi take tashi. In ta yi magana ba a ji sai an sunkuya.

Nafisa ta iso ana gab da fara yankan riɗi, da hantsi, bayan ta zagayo ta wata doguwar hanya da jariri a ƙirji. Ta durƙusa a bakin gado ta ɗora shi a kan uwarta. Yaya ta dube shi, ta shafa kansa, sai ta kai hannu tana jan igiyar robar. Na riƙe hannun, na ce, “Yaya, bar shi, iskarki ce.”

Ta yi mini alama in sunkuyo. Ta ce, “Shi ciwon, ko iskar duniya aka ba shi ba zai ce ya ƙoshi ba. Ni na ƙoshi. Cire mini, ba na jin ƙanshin yaron.”

Na dubi Nafisa, ta gyaɗa kai. Na cire. Yaya ta sa hancinta a tsakiyar kansa, ta ja numfashi, ɗan abin da huhunta ya iya ɗauka. Ta sake ja. Tulun yana gefe yana ta huci shi kaɗai, har na miƙa hannu na rufe shi.

Ta bari an mayar mata da abin robar bayan azahar, don Nafisa ta roƙe ta. Ranar Juma'ar da ta biyo muka kai ta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu da naku.